Lewis ko Roth: Wa Ya Fi Iya Zubar da Jini a Fim?

Mai son finafinan tsoro na Amurka masu yanke-yanke ba zai rasa jin sunan daraktocin nan biyu, Herschell Gordon Lewis da Eli Roth, ba.

Lewis ne ya buɗe ƙofar a 1963 da Blood Feast, wanda ya ɗauka a Miami cikin 'yan kwanaki da kuɗi ƙalilan. Jininsa ja wur kamar fenti, 'yan wasan kuma sai a hankali. Wurin da ake fizge harshen wata mata ma, harshen tunkiya aka yi amfani da shi. Shi dai ɗan kasuwa ne, bai taɓa ɓoyewa ba: bayan 1972 ya watsar da fim ya koma harkar talla, sai a 2002 ya dawo.

Roth kuwa ya samu kuɗi da ƙwararrun masu kwalliya. Fim ɗinsa Hostel na 2005 ya nuna matasa 'yan yawon buɗe ido ana azabtar da su a Silobakiya, har hukumomin ƙasar suka fusata, alhali a ƙasar Cek aka ɗauki fim ɗin.

Ni na fi jure Lewis, don ƙaryarsa a fili take, har dariya takan kama ka. Na Roth kam, kada ka kalla kana cin abinci.