Muryar da na biya kuɗi dominta ba ita aka ƙarasa mini da ita ba

Kwana uku na yi ina danne zuciyata kafin in rubuta wannan sharhi, saboda ba na so in yi magana cikin fushi a kan littafin da ya daɗe yana taya ni hira a gaban keken ɗinki. Masu sauraron karatun littattafan Hausa ta waya sun san wanda nake nufi, wato labarin yariman aljanun nan da ke zaune a cikin tsohuwar kuka a bayan gari, wanda ya kamu da son 'yar masaƙi tun ranar da ta zo tsinkar ganye ta yi sallama ba tare da ta san akwai mai amsawa ba. Kashi 10 na farko kyauta aka sake su, sauran kuwa sai mutum ya tura kuɗi kafin a sa shi a rukunin Telegram. Ban yi ko ƙorafi ba na tura nawa, domin a lokacin ko ninki biyu aka ce zan biya.

Ba labarin ne kaɗai ya ja ni ba, don soyayyar aljani da mutum ba baƙon abu ba ce ga wadda ta taso tana hayar littattafan kasuwar Kano tun shekarun 1990. Baiwar Allahn da ta fara karanta shi ita ce ta kama ni. Ba ta gaggawa, kuma kowane mutum a cikin labarin yana da muryarsa a maƙogwaronta. Idan yariman zai yi magana sai ta ɗan yi shiru, sannan ta sauke murya ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya, har tsikar jikina ta tashi. Kakar yarinyar kuwa da Sakkwatanci take karanta ta, tana cewa "tahi" da "ɗiyata" cikin rawar murya irin ta tsohuwar da haƙoranta suka zube, ko da yake marubuciyar ba haka ta rubuta ba. Akwai wata 'yar waƙa da yarinyar ke yi idan tana son yariman ya fito, ita kuma mai karatun rera ta take yi kamar yadda ake rera waƙar tatsuniya, har yaran shagona suka haddace ta suna yi a bakin guga.

A kashi na 27 abin ya faru, cikin makon da ɗinkin babbar Sallah ya yi mana yawa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ne, an ɗauke wuta, na koma kan keken ƙafa ina haɗa hannun wata riga da hasken fitilar caji. Kashi na 26 ya ƙare daidai inda yarinyar ta zura hannunta a kogon kuka, bayan an gaya mata cewa duk wanda ya yi haka ba ya komawa gida. Na danna na gaba ina riƙe da numfashina, sai kawai na ji muryar wani saurayi ta faɗo mini a kunne da ƙarfi, da irin salon masu tallan magani a rediyo. Na tsayar da keken na duba wayar, ina zaton wani littafin aka turo bisa kuskure, amma lambar daidai take, sunan ma shi ne. Wurin da na yi wata guda ina jira, inda yariman zai nuna mata fuskarsa a karon farko, a guje aka wuce da shi cikin abin da bai kai minti biyu ba, kuma muryar yariman da ta yarinyar da ta mai ba da labari duk ɗaya ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a fili yake bai karanta rubutun ba kafin ya kunna na'urar ɗauka. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, kuma yawancin masu rubuta littafi a waya ba sa sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka sai mai karatu ya san inda labari ya dosa kafin ya furta kalma daidai. Inda aka rubuta cewa ta koma wajen kuka, sai ya furta kukan hawaye, alhali kukar itace ake nufi, wadda muryarta ke sauka a ƙarshe, kuma a kanta aka gina littafin gaba ɗaya. Da sarkin aljanu ya aika a kira yariman fada, shi faɗa ya karanta, na yi ta sauraron a zare takubba, ashe gaisuwa kawai aka je.

Washegari maganar da aka wuni ana yi a shago ke nan. Babbar cikin masu koyon ɗinkina cewa ta yi, "Anti, ni fa na daina, wannan ba yarimanmu ba ne." Ƙaramar kuwa ta ce ita ya fi mata, domin tana gama kashi biyu a lokacin da a da take gama ɗaya, datarta ma ta fi daɗewa. Ƙanwata da ke aure a Zariya ta kira ni ta ce, "Yaya, ki ƙara masa kashi uku kafin ki yanke hukunci," na kuwa bi shawararta, kuma dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Sautinsa ya fi na da tsabta nesa ba kusa ba, domin a karatun baiwar Allahn nan akan ji carar zakara da kukan yaro da wucewar babur, wani lokaci ma sai na ƙure ƙarar waya kafin in ji ta. Da aka zo yaƙin da aka gwabza tsakanin rundunar yariman da ta baffansa, saurin nasa ya yi amfani, ya yi kirari da murya cikakkiya wadda ban jin mace za ta iya fitarwa haka. A kashi na 31 har na fara cewa a raina wataƙila na zalunce shi.

Sai aka dawo kan soyayya, ciwon ya dawo sabo. Ya fara ƙoƙarin bambanta muryoyi, amma ta hanyar maƙe murya idan yarinyar za ta yi magana, abin da ya mayar da kalaman da ya kamata su sa mutum hawaye abin dariya. Kaka ta koma Bakanuwa rana tsaka, Sakkwatancinta ya ɓace ba tare da dalili ba. Waƙar kiran yariman kuwa karanta ta ya yi tsaf kamar sanarwar ɗaurin aure, sannan aka shimfiɗa wani kiɗa a ƙarƙashinta wanda ya danne rabin kalmomin. A nan ne na tuna cewa babu wanda ya sanar da mu za a yi wannan canji, ko da layi ɗaya ne. Mai karatu tana iya yin rashin lafiya, tana iya haihuwa, ana iya saɓawa a kan kuɗi, duk wannan babu wanda zai ƙi fahimta, amma mutanen da suka karɓi kuɗinmu bayan sun ɗanɗana mana wata murya ya kamata su gaya mana kafin su musanya ta. Na aika musu saƙo cikin ladabi ina tambaya, bayan kwana biyu aka amsa mini da "a yi haƙuri" kawai.

Ga wanda bai taɓa jin kashi 26 na farko ba, mai yiwuwa ya saurara ya ji daɗinsa, musamman idan yaƙi ya fi so a labari. Ni dai na tsaya a kashi na 34, na nemi rubutaccen littafin a wajen ƙanwata, ina karanta shi da kaina bayan sallar isha'i, kuma duk inda yariman ya buɗe baki da tsohuwar muryar nan nake jin sa. Rigar da nake ɗinki a daren nan ma sai da na farke hannunta na hagu, domin a juye na haɗa shi.