Zaɓen tirelar zama da motar da za ta ja ta a Amurka

Wanda ya yanke shawarar barin gidan haya a Amurka domin ya koma rayuwa a kan hanya yakan ƙare a gaban tirelar da ake kira mai ƙafa ta biyar. Abin da ake nufi da ƙafa ta biyar shi ne faifan ƙarfe da ake girkawa a bodin a-kori-kura, daidai saman tayoyin baya, inda ƙusar da ke ƙarƙashin goshin tirelar take shiga ta kulle, kamar yadda ake haɗa kan tirela da bodinta a manyan motocin dakon kaya. Wannan haɗi ne ya sa ta fi tirelar da ake ɗaurawa a bamba natsuwa idan iska ta taso ko babbar mota ta gifta, kuma goshin nan da ya hau kan mota shi ne yakan zama ɗakin kwana.

Shawarata ta farko ita ce a zaɓi tirela kafin a sayi mota, domin tirelar ce gida, motar kuwa dole ta dace da nauyinta. Kuskuren da ya fi jefa mutane cikin asara shi ne dogaro da adadin da kamfani yake tallatawa na nauyin da mota za ta iya ja, alhali abin da yake fara cika shi ne nauyin da za ta iya ɗauka a gadon bayanta. Goshin tirela yakan ɗora wa mota kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar idan an loda ta. Tirelar da iyakar nauyinta ya kai laba 16,000, wato kilo 7,250 ko kusa da haka, za ta danne mota da laba 3,200 zuwa 4,000, kafin a lissafa faifan haɗin, da direba, da iyali, da akwatin kayan aiki. Mai saye ya buɗe ƙofar direba da hannunsa, ya sunkuya ya karanta 'yar takardar nan mai ruwan ɗorawa da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar, domin a nan aka rubuta nauyin da wannan motar, ita kanta, za ta ɗauka, kuma sau da yawa ya gaza wanda ke cikin takardar talla nesa ba kusa ba.

Da wannan lissafi ne ƙananan motoci irin su Ford F-150 da Ram 1500 suke fita daga sahu, sai dai ga tirela ƙarama ƙwarai. Na tsakiya, wato F-250 da Ram 2500 da Silverado 2500HD, suna da ƙarfin inji, amma idan na dizal ne nauyin injin yana cinye ɗaruruwan laba daga abin da aka yarje musu su ɗauka. A ganina, mai niyyar zama dindindin ya fara dubawa daga F-350 ko Ram 3500 ko Silverado 3500HD, tunda bambancin farashinsu da na tsakiya bai taka kara ya karya ba. Idan tirelar ta haura laba 16,000, mota mai tayoyi huɗu a baya ta fi kwanciyar hankali, ko da yake faɗinta yana wahalarwa wurin fakin a cikin gari, kuma ita ce motar da za a riƙa zuwa cefane da ita kullum.

Injinan dizal guda uku ne suka mamaye kasuwar: Power Stroke na Ford da Cummins na Ram, dukansu lita 6.7, sai Duramax na Chevrolet da GMC mai lita 6.6. Sun fi tsada a saye da gyara, amma suna da birkin salansa wanda yake riƙe mota a gangaren duwatsun Kolorado ba tare da birkin tayoyi ya ɗau zafi ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalili ga mai yawan ƙetare tsaunuka. Wanda zai riƙa daɗewa a wuri ɗaya da tirela matsakaiciya, injin fetur mai lita 7.3 da Ford ya fitar a 2020 zai wadatar da shi. Bodin mota mai tsawon ƙafa 8 ya fi sauƙin sha'ani, domin a gajeren bodi goshin tirela yana iya fasa gilashin bayan mota a kwana mai tsanani, sai an sa faifai mai zamewa baya.

Game da tirelar kanta, yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, ciki har da Montana ta kamfanin Keystone da Solitude ta Grand Design, yayin da Arctic Fox, wadda aka sani da jure sanyi, take fitowa daga Oregon. Kada kyawun kicin ya ɗauke hankali daga takardar garanti, domin akwai kamfanonin da ba sa ɗaukar alhakin tirelar da aka mayar gidan zama na dindindin. A duba ko tankunan ruwa a rufe suke kuma ɗumi yana kai musu, a kuma duba yawan kayan da aka yarje a loda, tunda galan 100 na ruwa kaɗai ya haura laba 830. Tsawo ma abin tunani ne: tirela mai ƙafa 40 tana da yalwa, amma wuraren sauka da dama a tsofaffin gandayen shaƙatawa na gwamnati ba za su ɗauke ta ba, kuma tsayin da ya kai ƙafa 13 yana tilasta wa direba lura da kowace gada.

Akwai kuma batun lasisi, wanda ya danganta da jihar da mutum ya yi rajista. A Kalifoniya, tirela irin wannan da iyakar nauyinta ya wuce laba 15,000 tana buƙatar lasisi na musamman, Teksas ma tana neman nata idan jimillar mota da tirela ta haura laba 26,000. Bayan an saya an loda kaya, a biya ta sikelin CAT Scale da ke tashoshin manyan motoci, a auna motar da tirela, sannan a kwance tirelar a auna motar ita kaɗai, a gwada sakamakon da adadin da ke jikin ƙofar direba.