Ƙugiya mai makulli a ƙurar Damagaram: wadda na yarda da ita

Wata takwas ke nan ina hawa duwatsun bayan gari da ƙugiyoyi biyu masu makulli, waɗanda masu aikin ke ce wa musketon, wato ƙugiyar ƙarfe mai 'yar ƙofa a gefe da ake saƙala igiya ta cikinta. Wani yayana mai hawa eriyar waya ne ya koya mini ɗaurin igiya, shi ne kuma ya sa aka zo mini da su daga Yamai. Ɗaya Petzl Attache ce, mai zoben da ake murɗawa da hannu don kulle ƙofar. Ɗayar ta wani kamfani ce daban, irin mai kulle kanta da zarar ka saki ƙofar.

Da farko mai kulle kanta na fi so, don tana hutar da mutum. Sai hunturu ya shigo. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san ƙurar Janairu, wadda ke shiga har cikin kwanon da aka rufe. Wata safiya ina saman dutse, na saƙala ƙugiyar a igiya na saki, ban ji ƙarar nan ta kullewa ba, ban kuma kula ba. Yayana daga ƙasa ya ɗaga murya: "Ƙanena, matsa ƙofar nan kafin ka saki jikinka!" Ina matsawa ta buɗe. Rairayi ne ya riƙe zoben a rabin hanya. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake.

Abin da ya sa wannan ba wasa ba ne yana rubuce a gadon bayan kowace ƙugiya ta ƙwarai. Lambobi uku ne. A jikin Attache 22 ne, da 7, da 6. Na farko ƙarfinta idan nauyi ya bi tsawonta, kilonutan 22, wato sama da tan biyu. Idan ta juya nauyi ya faɗa mata a kaikaice, 7 kawai take ɗauka. Idan ƙofa a buɗe take, 6. Ka ga ƙofar da ba ta kullu ba, in dutse ya tura ta, ta cinye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin, ga kuma hanyar da igiya za ta zame. Kusa da lambobin akwai EN 12275, ƙa'idar Turai ta ƙugiyoyin hawa. Wadda ba ta da waɗannan, irin masu launi da ake rataya makullin babur a kasuwar Dole, ko gorar ruwa mai nauyi ba na ɗora mata.

Ita mai murɗawa, yatsana ne ke gaya mini halin da take ciki. In da rairayi a zaren, ina jin gurzarsa, in hura, in murɗa har ƙarshe. Akwai jan layi a ƙofar da ke bayyana muddin ba a kulle take ba, na ƙasa ma yana hango shi. Siffarta mai faɗi a sama tana barin igiya ta gudana sumul lokacin da nake riƙe wa wani mai hawa igiya. Sau ɗaya ta ƙi buɗuwa, kuma ni na jawo: na ƙara matse zoben alhali nauyina na kanta. Sai da na sake ɗora mata nauyi sannan ta saki. Yanzu kafin in hau nake murɗawa, ba da ƙarfi ba, kuma ina juya ta yadda zoben zai kulle yana gangarowa ƙasa.

Duk Juma'a da yamma ina wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, su bushe a inuwa. Ba na sa musu man inji, ƙura yake tarawa. Ina shafa wurin da igiya ke bi, in kwarmin ya kai milimita 1 to ta gama aiki. Mai kulle kanta ta dawo daidai bayan wanki, amma na ajiye ta sai damina ta kwantar da ƙura.