Maiƙo ko furotin? Amsar tambayar Hauwa'u

Ƙanwata Hauwa'u, kin ce a binciken digirinki na biyu a nan Bauchi za ki duba tantanin jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila, kina son sanin wanne ya fi sauƙin bi da na'urar auna nauyin sinadarai, maiƙo ko furotin. Na'urar ɗaya ce, sai dai kowanne da inda gizonsa ke saƙa.

Maiƙo ba ya gardamar fitowa. Ana tace shi da sinadarai biyu masu narkar da maiƙo: kulorofom kashi 2, metanol kashi 1, hanyar da Folch ya wallafa a 1957. Ki ƙara ruwa kaɗan, zai rabu ya kwanta ƙasa tare da kulorofom ɗin. Ba shi da nauyi ma, yawancin fosfolifid, wato maiƙon da ya fi yawa a tantanin, suna tsakanin dalton 700 da 900 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari). Wahalarsa tana wajen raɗa suna. Iri biyu kan yi nauyi ɗaya cif alhali ƙirarsu daban. In na'urar ta fasa fosfatidilkolin, wani dangin fosfolifid, gutsure mai lamba 184 yakan fito, amma dangi kawai ya nuna miki, bai gaya miki ko ɗan wane gida ne ba.

Furotin kuwa wuyarsa a farko take. Ɗauki Band 3, wani furotin na tantanin jajayen ƙwayoyin jini mai nauyin kusan dalton 100,000, ya nutse cikin tantanin, ba ya fita sai da sabulun ɗakin gwaji, sabulun nan kuma shi ke danne alamar da na'urar ke karantawa muddin ba a wanke shi tas ba. Sannan a daddatsa shi da tirifsin, sinadarin da ke yanka furotin gutsu-gutsu. Daga nan aiki ya yi sauƙi, kwamfuta ce za ta gwada gutsattsarin da rumbun bayanai ta faɗi sunansa.

Da ni ne, maiƙo zan ɗauka, domin tacewar za ki iya yinta a nan. Amma ki san wannan: a jinin mai sikila wani maiƙo da ake kira fosfatidilserin yakan leƙo wajen tantani maimakon ya zauna ciki, tacewa kuwa tana gauraya ciki da waje. Na'urar za ta faɗi yawansa, ba za ta faɗi gefen da yake ba. Wannan sai gwajin aneksin V, furotin da ke manne wa fosfatidilserin ɗin da ya leƙo waje.

Zafinmu ne ya fi damuna. Maiƙo yana lalacewa kamar man gyaɗan da aka bari a rana. Ki zuba a kwalba, kada ki kusanci roba domin kulorofom yana cinta, kuma ki tabbatar firizar da za ki ajiye tana kan janareta ko sola kafin ki ɗebi jinin kowa.