Shekara biyu ina kan Mastodon

Abin da ya ja ni zuwa Mastodon, wani dandalin sada zumunta na intanet, shi ne babu talla, kuma babu kamfani ɗaya da ke riƙe da wuyan kowa. Eugen Rochko ne ya ƙirƙiro shi a 2016, amma kowace saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da asusun wani rukunin masu amfani da dandalin, da mai ita, da dokokinta.

Sabar da nake ciki mace ɗaya ce ke kula da ita. Duk ƙarshen wata takan baje mana lissafi: ga kuɗin hayar saba, ga gudummawar da muka tura ta Patreon, ga abin da ta cika daga aljihunta. Wannan gaskiyar ce ta saye ni.

Ƙorafina yana wajen yanke hukunci. Wata rana na wayi gari ta toshe wata saba ɗungurungum, abokaina uku da ke can suka ɓace mini, ba a shawarci kowa ba. Wallahi raina ya ɓaci. Mun zauna mun yi magana. Yanzu mutum huɗu ne ke duba ƙararraki tare, ta kuma yi alkawarin ba mu sanarwar wata uku idan za ta rufe sabar.