Waƙafi Ko Aya Mai Waƙafi: Haɗa Jimla Biyu A Turanci

Idan jimloli biyu cikakku suka haɗu a Turanci, kowacce da mai aikatawa da aikatau, hanya biyu ce.

Ta farko, waƙafi kafin mahaɗi: and, but, or, nor, for, so, yet. Misali "Musa cooked, but Binta ate." Waƙafin kafin mahaɗin yake zama, ba bayansa ba, nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. In rabi na biyu ba shi da mai aikatawa, kamar "Musa cooked and ate", a cire waƙafin.

Ta biyu, aya mai waƙafi (;) ba tare da mahaɗi ba: "Musa cooked; Binta ate." Ita ake sawa kafin however ma, domin waƙafi kaɗai ba ya iya riƙe jimla biyu.