Jirgin ƙasan Doha: abin da ya sauƙaƙa mini zuwa kallon Kofin Duniya

Duk wanda ya taɓa zuwa wata ƙasa kallon ƙwallo ya san cewa tikiti ba shi ne babbar matsala ba. Matsalar ita ce yadda za ka isa filin wasa, ka kuma koma masauki cikin dare. A Ƙatar, lokacin gasar 2022, jirgin ƙasan Doha ya ɗauke mini wannan nauyi gaba ɗaya.

Da katin Hayya, wato katin shaidar 'yan kallon gasar, kawai nake shiga, ko sisi ban biya ba. Jan layi, ɗaya daga cikin layukan jirgin, na hau har tashar Lusail da ke kusa da filin wasan ranar 22 ga Nuwamba, ranar da Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1. Jirgin ba shi da direba, ga tsabta, ga sanyi, kuma kafin ka gyara tsayuwa wani jirgin ya iso. Abin da ya fi burge ni masu nuna hanya ne, riƙe da ƙaton hannun soso suna nuna mashiga, fuska a sake duk da cunkoso.

Bayan an tashi wasa akwai layi, ba makawa, amma yana tafiya. Ka dai sa takalmi mai daɗin tafiya, don akwai 'yar tazara tsakanin tasha da ƙofar fili.